Tambayoyinku: Diyyar Inshorar Hatsari da Rasa Gaɓa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato inshorar nan da ke biyan diyya idan mutum ya rasu a hatsari, ko ya rasa hannu, ƙafa ko ido. Yawancin masu ita ba da kansu suka saya ba. Wurin aiki ne ya yi musu, ko ƙungiya, ko banki ya haɗa musu da rance, shi ya sa sai abu ya faru ake fara neman takardar. Mun zaɓi bakwai, mun sakaya sunaye.

Maigidana ya rasu wata huɗu ke nan. Yana tuƙi mota ta ƙwace ta daki bishiya, aka kai shi asibiti, kafin asuba rai ya yi halinsa. Wurin aikinsu sun yi musu inshorar hatsari, amma kamfanin ya rubuto cewa likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya, kuma dama yana da hawan jini, don haka ba hatsari ba ne. Kowa ya ga yadda motar ta yi. Ta yaya za a ce ba hatsari ba ne? Daga wata baiwar Allah, Kaduna.

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya ba ku haƙurin rashi.

Abin da mu muke kira hatsari ya fi na kamfanin inshora faɗi. A takardar yarjejeniya, hatsari shi ne abin da ya afka wa jiki daga waje, farat ɗaya, ba da gangan ba, ya bar rauni da ido ko na'ura za ta gani, kuma shi kaɗai ya jawo mutuwar ba tare da cuta ta sa hannu ba. A kan sharaɗin ƙarshen nan ake yawan rigima. Kamfani yana so ya san wanne ya riga wanne. Idan zuciya ce ta buga masa yana kan sitiyari, ya sume, mota ta ƙwace, to cuta ce sila, karon bayanta ya zo, ba za su biya ba. Idan kuwa taya ce ta fashe, ko ya kauce wa rami, ya bugu a ƙirji ko a ka, jini ya zuba a ciki, sannan zuciya ta tsaya, hatsari ne sila, ko da ya shekara goma yana shan maganin hawan jini.

Ki sa a karanta miki kalmar da likita ya rubuta da kyau. Tsayawar zuciya daban, ciwon zuciya daban. Duk wanda ya mutu zuciyarsa ta tsaya, har wanda aka harbe. Likitan da ke aikin dare, ga marasa lafiya jibge a gabansa, sau da yawa abin da ya gani a ƙarshe yake rubutawa ya sa hannu. Alhali takardar dalilin mutuwa tana da layuka a jere: na sama abin da ya kashe mutum kai tsaye, na ƙarƙashinsa abin da ya haifar da wancan, har a gangara zuwa tushe. Idan na sama kaɗai aka cike, an bar wa kamfani ƙofa a buɗe.

Ki rubuta wa shugaban asibitin kina neman cikakken rahoton likita daga fayil ɗin marigayin. Ba roƙon a canza takarda za ki yi ba, wannan laifi ne kuma zai rusa komai. Ƙarin bayani kike nema: a wane hali aka kawo shi, waɗanne raunuka aka gani, an ɗauki hoton ƙirji ko na kai, an ƙara masa jini, an yi gwajin zuciya kuma me ya nuna. Ki haɗa da rahoton 'yan sanda da na jami'an duba lafiyar mota. Fasasshiyar taya ko sawun birki a kwalta shaida ce babba, domin sumamme ba ya taka birki. In akwai wanda ke cikin motar, ya rubuta abin da ya gani ya yi rantsuwa a kotu. Nauyin nuna cewa hatsari ne yana kanku, amma idan kamfani ya dogara da wani abu da yarjejeniya ta cire, shi zai kawo hujjarsa.

Sannan ki tambayi ofishinsu maganar inshorar rai. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa wuraren aikin da ke ƙarƙashinta su yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, kuma ita ba ruwanta da ko cuta ce ko hatsari. Iyalai da dama suna ta fafatawa a kan ta hatsari, ga ta rai can ba wanda ya tambaya.

Ƙanena ya rasu a hatsarin motar haya tsakanin Zariya da Kano. Nan take ya cika, muka ɗauko shi muka yi masa sutura kafin magariba. Yanzu an ce mu kawo takardar likita da ta 'yan sanda, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Shi ke nan mun rasa? Daga wani mai karatu, Kano.

Ba ku rasa ba, Malam, sai dai za a sha zirga-zirga. Kafin komai, yau ɗin nan a rubuta wa kamfanin ana sanar da shi rasuwar, ko da babu takarda ko ɗaya a hannu. Wasu yarjejeniyoyin kwana 14 suke bayarwa, wasu 30, kuma jinkiri kaɗai ya isa dalilin ƙin biya. A kai wasiƙar kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ku dawo da ita.

Daga nan sai ofishin 'yan sandan yankin da hatsarin ya faru, ba na unguwarku ba. Ku je da rana, lokaci da lambar motar, ku nemi a ciro muku abin da aka rubuta a littafinsu. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su ma suna rubuta duk hatsarin da suka halarta, da adadin waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata. Idan a tasha ya hau motar, ƙungiyar direbobi na iya samun takardar sunayen fasinjoji. Wanda ya tare mota a bakin hanya kuwa sai dai shaidar direba ko ta waɗanda suka tsira. Takardar shaidar mutuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, a ofishinta na ƙaramar hukuma. Ku ƙarfafa ta da takardar rantsuwa ta kotu, da wasiƙar mai unguwa ko dagaci, da ta limamin da ya sallace shi.

Ku lura da suna. Idan a fom ɗin inshora Muhammad Sani ne, a katin ɗan ƙasa Mohammed Sani, 'yan sanda kuma suka rubuta Mamman, fayil zai iya kwana wata uku a kan wannan kawai. A yi rantsuwa ɗaya da ta nuna mutum ɗaya ne.

Ga sauran masu karatu: ba wanda ya ce a jinkirta jana'iza. Amma a cikin masu kai da kawo a ware mutum ɗaya, a biya da mamaci asibitin gwamnati mafi kusa likita ya tabbatar da mutuwar, ya rubuta raunukan da ya gani a jiki. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma ba sai an tsaga gawa ba. Yarjejeniyoyi da yawa sun ba kamfani damar neman a binciki gawa, amma inda likita ya rubuta fashewar kai ko karayar wuya ƙarara, da wuya a kai ga nan.

Motar hayar ma tana da inshorar dole ta kare wasu. Idan sakacin direba ne, kuna da haƙƙin neman diyya a can, in dai takardarsa ta gaske ce ba ta bakin titi ba.

Ina aiki a wata masana'antar roba. Inji ya cinye mini yatsu uku na hannun dama: na tsakiya, na zobe da ƙarami. Inshorarmu ta naira miliyan 4 ce, amma an ce dubu 800 za a ba ni. Hannun nan ba ya riƙe komai yanzu. Cuta ta ake so a yi? Daga wani matashi, Kano.

Sannu, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Mai yiwuwa ba cuta ba ce, jadawalin diyya da ke cikin yarjejeniya ne. Miliyan 4 ɗin nan ita ce diyyar rai, ko ta rasa hannu biyu, ƙafa biyu, ido biyu, ko hannu ɗaya da ƙafa ɗaya. Duk abin da bai kai wannan ba kashi ake yanka masa daga cikinta. Hannu ɗaya, ƙafa ɗaya ko ganin ido ɗaya galibi rabi ne, wato miliyan 2 a taka. Kuma idan takarda ta ce rasa hannu, nufinta a yanke daga wuyan hannu ko sama da shi. Ƙafa kuma daga idon sawu.

A kan yatsu ne jadawalai suka rabu. Irin na Amurka kashi 25 yake ba wanda ya rasa babban yatsa da manuniya na hannu ɗaya, kuma da yawansu ba sa ba da komai a kan ukun da ka rasa. Irin na Turai kowane yatsa da farashinsa: babban ya fi tsada, manuniya ta bi masa, sauran kowanne bai cika wuce kashi 10 ba, har ana ƙirga gaɓa nawa ta tafi a kowane yatsa. Dubu 800 kashi 20 ke nan, bai yi nisa da irin wannan lissafi ba. Ka nemi shafin jadawalin ka haɗa da kanka. Wasu jadawalan sun fifita dama a kan hagu, bahago kuma ana juya masa idan ya faɗa tun lokacin cike fom.

Maganarka ta cewa hannun ba ya riƙe komai ita ce abin dubawa. Wasu yarjejeniyoyin suna ɗaukar gaɓar da ta daina aiki gaba ɗaya kuma har abada kamar wadda aka yanke, amma galibi sai an shekara likita ya tabbatar ba za ta dawo ba. Idan jijiyoyin babban yatsa da manuniya sun taɓu, kada ka sa hannu a takardar sallama yanzu. Da zarar ka sa, ka yarda an gama da kai. Ka nemi likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala, ya auna ya rubuta kashi nawa na aikin hannun ya tafi. Ka kuma duba ko yarjejeniyar ta haɗa da kuɗin magani da na makonnin da ka yi ba ka aiki, don su daban ake lissafa su.

Kuma tunda a bakin aiki ne, akwai ƙofa ta biyu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa wuraren aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da shi, ba tare da an cire daga albashin ma'aikaci ba. Can ba a tambayar laifin waye. Ma'aikaci zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, wurin aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Dokar tana ɗaukar magani da gaɓar roba da biyan nakasa, har raunin da aka ji a hanya tsakanin gida da wurin aiki.

Mahaifinmu ya faɗi a babur ya karye a ƙwauri. Muka kai shi wurin mai ɗori. Bayan mako uku ƙafar ta yi baƙi tana wari, a asibiti aka yanke ta ƙasan gwiwa. Yana da ciwon suga. Ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa ta yi musu inshora. Za su biya? Daga wata 'yar'uwa, Gusau.

Ba za mu ɓoye miki ba, wannan ita ce mafi wuya a wasiƙun wannan wata. Ta fuskar lokaci ba matsala, domin yawancin yarjejeniyoyi suna biya idan an rasa gaɓar cikin wata 12 daga ranar hatsari. Matsalar tana tsakanin faɗuwar da yankewar.

Karyayyar ƙafa tana kumbura sosai a kwana biyu zuwa uku na farko. Idan aka jera mata karare aka ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Ciwo ya tsananta fiye da na karaya, yatsu su yi sanyi, su dushe, su daina ji. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da 'yan awoyi. Mai ciwon suga kuma dama jininsa ba ya isa ƙafa yadda ya kamata, ga shi ba ya jin ciwon da wuri balle ya yi ƙorafi. Likitan kamfani ya san duk wannan, don haka zai ce ɗaurin ne ya kashe ƙafar, suga ta taimaka, kuma an saɓa sharaɗin da ya ce a ga ƙwararren likita nan da nan a bi umarninsa. Mai ɗori, komai sunan da ya yi a gari, ba ya cikin waɗanda takarda ke kira likita.

Duk da haka ku shigar da neman. Abin da zai taimake ku shi ne rahoton likitan da ya yi aikin. Idan ya ga ƙashin ya ragargaje, ko ya huda fata tun ranar, ko karayar kanta ta tsinka jijiyar jini, to hatsarin ne ya tafi da ƙafar ko ina aka kai shi. Idan kun fara biyawa wani asibiti an ɗauki hoton ƙashi kafin ku wuce wurin mai ɗori, ku nemo hoton da katin. A irin wannan kamfani kan yi tayin biyan wani ɓangare a matsayin alfarma, kuma sau da yawa karɓarsa ya fi shari'ar da ba tabbas.

Ku duba maganar babur ma. Akwai yarjejeniyoyin da suka cire hawan babur kacokan, akwai waɗanda suka cire mai tuƙi ba lasisi.

Wanda 'yan bindiga suka kashe a hanya, ko suka sace ba a sake jin ɗuriyarsa ba, yana cikin masu hatsari? Daga wani malamin makaranta, Katsina.

Asali yana ciki, domin kisan da wani ya yi wa mutum ba da son ransa ba hatsari ne a wurin wanda aka kashe, muddin ba shi ya tayar da faɗan ba, ba kuma yana aikata laifi ba ne. Sai dai yawancin yarjejeniyoyi sun cire yaƙi, tarzoma da ta'addanci, sai in an biya ƙari an mayar da su. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022, kalmar da 'yan sanda suka rubuta a rahoto ta ƙara nauyi: fashi da makami daban, ta'addanci daban. Kuɗin fansa kuwa ba ya cikin wannan inshora ko kaɗan.

Wanda ya ɓace, Dokar Shaida ta 2011 sai bayan shekara bakwai take ɗaukarsa mamaci. Dokar Fansho ta sassauta wa ma'aikaci: idan ya shekara ba a gan shi ba, kwamitin bincike na iya yanke cewa a ɗauke shi ya rasu, a biya haƙƙoƙinsa. Don haka a kai rahoton ɓatan da wuri, a adana takardar.

Yayanmu ya rubuta sunan uwargidansa kaɗai a fom, tun kafin ya ƙara aure. Ya bar mata biyu, 'ya'ya tara da mahaifiya. Kuɗin na wa ne? Daga wani mai karatu, Bauchi.

A fara duba wane gurbi ya cike. Wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya faru daban, wanda za a biya daban, kuma mutane suna yawan haɗa su. Idan a gurbin wanda za a biya ya sa ta, kamfani ita zai ba, ya wanke hannunsa. Idan ba a sa kowa ba, ko wanda aka sa ya riga shi rasuwa, sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, abin da kan ci watanni.

Wanda aka miƙa wa kuɗi da wanda ya cancance su a Shari'a kuma magana biyu ce. Malamai da yawa suna ɗaukar wanda aka rubuta sunansa mai riƙon amana ne, ya karɓa a biya bashi, a fitar da wasiyya, a raba saura gado. Ku zauna da malamin da ya san rabon gado, ko ku je kotun Shari'a, kafin kuɗin su shigo asusu, don bayan sun shigo zance kan canza. Masu ƙyamar inshorar kasuwa kuma akwai takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta halatta tsarin taimakekeniya a 1985, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora a Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Amma takardun da za a nema da ma'anar hatsari duk ɗaya ne, mai takaful ma sai ya kawo rahoton likita.

Mun kai duk abin da aka nema wata bakwai ke nan. Kullum sai a ce ana kan aiki. Ina za mu kai kuka? Daga wata mai karatu, Jos.

Ku daina bi ta waya, Hajiya. Ku rubuta wa shugaban sashen biyan diyya, ku sa lambar yarjejeniya da lambar fayil, ku jera takardun da kuka kai da ranar da kuka kai kowacce, ku nemi ɗayan uku a rubuce cikin mako biyu: tayin biya, ko abin da ya rage, ko dalilin ƙi tare da sakin layin da aka dogara da shi. Idan ta hannun dillalin inshora aka yi, a ba shi kwafi, bibiyar diyya aikinsa ne. In shiru ya ci gaba, ku kai ƙorafi sashen koke-koke na NAICOM, hukumar da ke ba kamfanonin lasisi, da kwafin komai. Kada ku ba kowa asalin takarda ba tare da ya sa hannu ya karɓa ba.

Idan aka ƙi a rubuce, ku ga lauya da wuri. Wasu yarjejeniyoyin sun ce wanda bai kai ƙara ko bai nemi sulhu ba cikin wata 12 daga ranar ƙi, an ɗauka ya haƙura.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ku yi wa wurin aikin ko ƙungiyar da ta yi inshorar: an biya kuɗin shekarar da abin ya faru, kuma sunan mamacin yana cikin jerin da aka miƙa wa kamfani? A Najeriya inda ba a biya ba babu kariya, kuma sau da yawa wannan ne ke ɓoye a bayan "ana kan aiki". Ku nemi ganin rasit da jerin sunayen. Idan ta tabbata wurin aiki ne bai biya ta rai ba, Dokar Fansho ta ɗora masa biyan iyalin daga aljihunsa, kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa da Kotun Ma'aikata su ne wuraren zuwa.